Ƙoƙon Kan Tumai na Hamadar Cadi da Matsayinsa a Tarihin Asalin Mutum



Laccar da zan gabatar yau ta shafi wani tsohon ƙoƙon kai ne da aka tsinta a hamadar Jurab, arewacin ƙasar Cadi, cikin shekarar 2001, wanda duniya ta sani da sunan Tumai. Girmansa bai wuce na 'yar ƙaramar ƙwarya ba, ga shi a murɗe, ya tsattsage saboda nauyin ƙasar da ta danne shi. Duk da haka ya tilasta wa masana sake shawara game da abubuwa uku, watau lokacin da reshen mutum ya rabu da na manyan birai, da wurin da wannan ya faru, da kuma alamar da ta fara bambanta su. Zan kawo hujjojin da ake da su, in kuma kawo na masu musu, don kada a ɗauka magana ta ƙare alhali kuwa tana gudana.

Na san a zauren nan akwai waɗanda da jin an haɗa mutum da biri a zance ɗaya sai hankalinsu ya tashi. To, ga iyakar abin da masu wannan fanni suke faɗi. Ba su ce biri ya haifi mutum ba. Cewa suka yi jikin mutum da jikin manyan biran Afirka, watau cimfanzi da gorila, sun fito daga tushe guda mai nisan gaske, kamar yadda doki da jaki suka fito tushe guda ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Kayan aikinsu ƙashi ne da dutse, kuma ƙashi ba ya magana a kan rai, ko wahayi, ko hisabi. Waɗannan suna da malamansu da littattafansu. Amma ɗalibin jami'a, ko ya yarda da bayanin ko bai yarda ba, wajibi ne ya san abin da aka tono da yadda aka auna shi. Lura da kamannin halittu ma ba Turawa suka fara shi ba. Ibn Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya jera halittu daraja-daraja tun daga ma'adinai, zuwa tsirrai, zuwa dabbobi, ya kuma ajiye birai kusa da matakin mutum, ko da yake manufarsa dabam take da ta masanan kimiyya na yanzu.

Yadda Ƙashi Yake Zama Dutse

Idan dabba ta mutu a daji, kuraye da ungulaye su ne magadanta. Abin da suka bari, rana da ruwan sama su rududdugar da shi, cikin 'yan shekaru babu ko alama. Sai fa in an yi katari gawar ta faɗi a bakin tafki ko kogi, taɓo ko yashi ya rufe ta da wuri. A nan ruwan da ke ratsa ƙasa yakan shigo da ma'adinai cikin ƙananan ƙofofin ƙashin, ya riƙa cike su sannu a hankali, har ƙashin ya yi nauyi da tauri kamar dutse, siffarsa kuwa tana nan yadda take. Bayan haka kuma sai an sami abin da zai yaye ƙasar da ta rufe shi, kamar zaizayar ruwa ko iska, sa'an nan a yi dace wani mai ido ya wuce kafin ya farfashe. Saboda haka irin waɗannan ƙasusuwa suke da wuyar samu ƙwarai, har guntun muƙamuƙi ɗaya yakan sa masana su yi shekaru suna muhawara.

Neman da Aka Yi Kafin Tumai

A 1871 Charles Darwin ya yi hasashen cewa a Afirka ya kamata a nemi asalin mutum, tun da a nan ne biran da suka fi kama da shi suke zaune. Mafi yawan masanan Turai na wancan zamani ba su ɗauki wannan da muhimmanci ba, sun fi karkata ga Asiya ko Turai. A 1912 aka fito da wani ƙoƙon kai a Piltdown ta Ingila, mai babbar ƙwaƙwalwa da muƙamuƙin biri, aka yi ta murna da shi, don ya dace da abin da ake so a ji, watau ƙwaƙwalwa ce ta fara girma. Sai a 1953 aka tabbatar da cewa jabu ne: kan mutum aka haɗa da muƙamuƙin birin Asiya da ake kira orangutan, aka goge haƙoran da magagari.

A tsakanin nan, cikin 1924, aka kai wa Raymond Dart ƙoƙon kan wani yaro da masu fasa dutse suka tono a Taung ta Afirka ta Kudu. Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, amma haƙoransa da zaman kansa sun yi kama da na mutum. Dart ya sa masa suna Australopithecus africanus, aka yi fiye da shekara 20 kafin manyan masana su ba shi gaskiya. Daga nan sai hankali ya koma gabashin Afirka. A 1959 Mary Leakey ta sami wani ƙoƙon kai a kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya, wanda aka auna shekarunsa wajen miliyan 1.75. Ranar 24 ga Nuwamba 1974 Donald Johanson da Tom Gray suka sami kwarangwal ɗin da ake kira Lusi a Hadar ta Habasha, mai shekara miliyan 3.2. Kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙasusuwanta aka samu. Tsawonta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, kanta ƙarami, amma ƙugunta da gwiwarta na mai tafiya a miƙe ne. A 1978 kuma aka gano sawayen ƙafa a Laetoli ta Tanzaniya, waɗanda aka taka bisa tokar dutse mai aman wuta wajen shekara miliyan 3.6 da suka wuce. Da wannan aka tabbata cewa tafiya da ƙafa biyu ta riga girman ƙwaƙwalwa da shekaru masu ɗimbin yawa.

Da yake duk abin da ake samu a gabas ne ko kudu, sai Bafaranshen nan Yves Coppens ya kawo wani bayani. Ya ce tsagewar ƙasa da ta yi babban kwarin gabashin Afirka ita ce ta raba zuriya ɗaya gida biyu. Na yamma suka zauna cikin kurmi suka ci gaba da zaman birai, na gabas kuwa ƙasarsu ta bushe ta zama fili, dole suka sauko suka miƙe. Bayani ne mai daɗin ji, kuma ya karɓu. Sai dai in gaskiya ne, bai kamata a sami ko haƙori ɗaya na reshen mutum na wancan zamani a yammacin kwarin ba.

Michel Brunet na Jami'ar Poitiers ta Faransa shi ne ya ɗauki nauyin gwada wannan. Ya yi shekaru yana nema a Kamaru bai sami abin da yake so ba, sa'an nan ya koma Cadi, inda aka kafa ƙungiyar bincike ta haɗin gwiwa tsakanin Faransa da Cadi. Cikin Janairun 1995, a kusa da Koro Toro, suka sami gaban muƙamuƙi mai shekara wajen miliyan 3.5, kilomita 2,500 yamma da kwarin. Suka kira shi Abel, don tunawa da abokin aikinsu Abel Brillanceau wanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a Kamaru a 1989. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

Ranar 19 ga Yuli 2001

Mutum huɗu ne suke fili a ranar, a wani wuri da ake kira Toros-Menalla, wajen kilomita 800 arewa da Injamena. Uku 'yan Cadi ne, watau Ahounta Djimdoumalbaye, da Fanone Gongdibe, da Mahamat Adoum, na huɗunsu kuwa Bafaranshe ne masanin labarin ƙasa, Alain Beauvilain. Ahounta, wanda ya yi karatun kimiyya a Jami'ar Injamena, shi ne ya hangi wani baƙin dunƙule a kan rairayi, ya juya shi, ya ga haƙora. Ya kamata a riƙe sunan nan, domin sau da yawa akan ambaci shugaban bincike a manta da wanda idonsa ya gani.

An buga bayanin farko a mujallar kimiyya ta Nature cikin Yulin 2002, aka ba halittar sunan Sahelanthropus tchadensis, watau mutumin Sahel na Cadi. Sunan Tumai kuwa Shugaba Idriss Deby ne ya zaɓa. A harshen Goranawa ma'anarsa fatan rayuwa, kuma suna ne da ake ba yaron da aka haifa gab da shigowar rani.

Abin da Ƙoƙon Ya Nuna

Da farko dai ƙwaƙwalwa. Da za a cika cikin ƙoƙon da ruwa, abin da zai ci wajen mililita 360 ne, kwatankwacin kwalbar lemo ɗaya, daidai da na cimfanzi. Na mutumin yau yana cin wajen mililita 1,350, kusan kwalba huɗu ke nan. Ta wannan fuska babu abin da ya raba Tumai da biri. Yana kuma da ƙashin gira mai kauri ƙwarai, amma fuskarsa gajera ce, ba ta turo gaba kamar ta cimfanzi ba.

Na biyu, haƙora. Namijin cimfanzi ko gorila yana da dogayen fiƙoƙi, kuma ta sama tana goga da haƙorin ƙasa duk lokacin da ya rufe baki, tana wasa kanta kamar wuƙa a kan dutse. Fiƙar Tumai ƙarama ce, ta kuma cinye ne daga tsininta kamar tamu. Wannan alama ce da ake samu a dukkan reshen mutum.

Na uku, kuma shi ne babba, ramin da ke gindin ƙoƙon kai, inda laka take fitowa daga ƙwaƙwalwa ta shiga ƙashin baya. Duk wanda ya taɓa duba ƙoƙon kan rago bayan an gama cin nama ya san ramin a can baya yake, domin wuya daga baya yake riƙe da kai. A jikin mutum kuwa ramin a ƙarƙashi yake, kai yana zaune bisa wuya kamar tulu a kan gammo. Da yake ƙoƙon Tumai a murɗe yake, sai da masana daga Jami'ar Zurik suka ɗauki hotonsa ciki da waje da na'urar asibiti, suka mai da kowane guntu mazauninsa a kwamfuta. Sakamakon da suka buga a 2005 ya nuna ramin ya matso gaba, yana kallon ƙasa, kamar na halittar da take ɗaukar kanta a miƙe.

Shekarunsa Nawa?

A gabashin Afirka aikin yana da sauƙi, domin tokar duwatsu masu aman wuta tana kwance hawa-hawa, kuma ana iya auna shekarunta. A Toros-Menalla babu irin wannan toka, saboda haka aka bi hanya biyu. Ta farko ita ce duba dabbobin da aka samu tare da shi. An sami kifaye, da kadoji, da kunkuru, da dorina, da dangin giwa, da raƙumin dawa, da kuraye, da wani doki mai yatsu uku. Da aka gwada su da irinsu na Lothagam da Lukeino a Kenya, waɗanda aka riga aka san shekarunsu, sai aka ga sun faɗa tsakanin shekara miliyan 6 da miliyan 7.

Hanya ta biyu ta dogara ne ga wani sinadari da ake kira beriliyam-10. A sararin sama yake samuwa, ya sauko da ruwan sama, ya manne a taɓo. Da zarar ƙasa ta rufe shi sai ya riƙa raguwa, rabinsa yana tafiya duk bayan shekara wajen miliyan 1.4. Idan aka auna abin da ya saura, an san daɗewar da ya yi a binne. Awon da aka buga a 2008 ya ba da tsakanin shekara miliyan 6.8 da miliyan 7.2. Don mu gane nisan, daga Bagauda, wanda ake ƙiyasta ya fara sarautar Kano wajen shekara ta 999, zuwa yau shekara dubu ce da 'yan kai. Sai an jera irin wannan tsawo kusan sau dubu bakwai kafin a iso zamanin Tumai.

Masu Musu

Tun cikin 2002 Milford Wolpoff, da Brigitte Senut, da Martin Pickford, da John Hawks suka ce ba su gamsu ba. A ganinsu ƙananan fiƙoƙi ba hujja ba ce, tun da macen biri ma tana da su, kuma mai yiwuwa ne Tumai tsohuwar biranya ce kawai. Senut da Pickford su ne suka samo Orrorin a tuddan Tugen na Kenya a shekarar 2000, mai shekara wajen miliyan 6, wanda ƙashin cinyarsa ya nuna alamar tafiya a miƙe. Beauvilain kuma, wanda yana wurin ranar da aka yi tsintuwar, ya ja hankali ga cewa a saman rairayi aka sami ƙoƙon, ba a manne cikin dutse ba, don haka shekarun ƙasar da ke gefensa ba lalle ne su zama nasa ba. Masu kare awon suka amsa cewa ƙasar da ta manne a jikin ƙoƙon irin ta wannan hawan ce.

Muhawara mafi zafi ta taso ne a kan wani ƙashin cinya da aka kwaso daga wurin a 2001, aka haɗa shi da ƙasusuwan dabbobi. A 2004 wata ɗaliba a Poitiers, Aude Bergeret, ta lura da shi, Roberto Macchiarelli kuma ya duba ya ga na dangin biri ko mutum ne. Bakinsa biyu duk sun gutsure, ga shi kuwa a nan ne alamun tafiya suka fi bayyana. A 2020 Macchiarelli da abokansa suka ce mai ƙashin ba ya yawan tafiya da ƙafa biyu. A 2022 Guillaume Daver da Franck Guy, tare da masanan Cadi, suka nazarci ƙashin da wasu ƙasusuwan hannu biyu, suka ce yana tafiya a miƙe a ƙasa, yana kuma hawan itatuwa sosai. A 2024 wasu suka sake mai da martani. Kada wannan ya sa ɗalibi ya ce ashe duk shaci-faɗi ne. Kowane ɓangare ya ajiye awonsa a fili don wani ya sake gwadawa, kuma ta irin wannan hanya ce aka tona asirin jabun Piltdown.

Matsayin Tumai

Game da lokaci, kafin 2001 masu nazarin ƙwayoyin gado da yawa suna ajiye rabuwar mutum da cimfanzi wajen shekara miliyan 5 zuwa 6. In Tumai na reshenmu ne, dole rabuwar ta kai miliyan 7 ko fiye. Wajen 2012, da aka auna sauye-sauyen ƙwayoyin gado kai tsaye tsakanin iyaye da 'ya'yansu, sai aka ga suna tafiya a hankali fiye da yadda aka zata, lissafin kuma ya ja baya ya kusanci shekarun Tumai.

Game da wuri, Abel da Tumai sun rushe bayanin da ya keɓe gabas ita kaɗai, Coppens da kansa kuwa ya amince da haka. Yawan abin da aka samu a gabas yana nuna inda ƙasa ta adana ƙashi ne, da inda aka fi nema. Dabbobin Toros-Menalla kuma sun nuna cewa wurin a lokacin bakin tafki ne, mai kurmi da fadama da fili a haɗe, har Brunet ya kwatanta shi da fadamar Okavango ta Botsuwana. Ardipithecus na Habasha, mai shekara miliyan 4.4, shi ma cikin itatuwa ya zauna. Ke nan, in an fara miƙewa a wancan zamani, tun ana tare da itatuwa aka fara.

Shin Tumai kakanmu ne kai tsaye? Ƙashi ba zai iya tabbatar da haka ba. Tarihin reshen mutum ya fi kama da itace mai rassa da yawa, waɗanda duk suka bushe sai ɗaya. Tumai yana kusa da gindi, ta yiwu a kan reshen da ya kawo gare mu, ta yiwu a kan wani da ya mutu. Abin da ya tabbata shi ne, ƙasusuwan jinsin Homo mafiya tsufa da aka samu wajen Afirka, irin na Dmanisi a ƙasar Jojiya, shekarunsu wajen miliyan 1.8 ne, kuma mafi tsufan ƙashin da aka danganta ga irinmu, mai shekara wajen 300,000, a Jabal Irhud ta Maroko aka tono shi. Waɗanda suka yi zamani suna koyar da cewa Afirka ba ta da tarihi, ƙasar nahiyar ce ta ba su amsa.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Jurab ba ta yi mana nisa kamar yadda muke zato ba. Tana cikin kwarin Tafkin Cadi, wanda ya haɗa da Borno da Yobe da yankin Difa na Nijar. Wajen shekara 7,000 da suka wuce tafkin ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 350,000. Busasshen gindinsa na arewa, watau Bodele, shi ne babban tushen ƙurar da take zama hazo a kanmu lokacin hunturu. Iskar da take kawo mana wannan ƙura ita ce take share rairayi tana fito da ƙasusuwa a Jurab, ita ce kuma take farfasa su in ba a tsince su da wuri ba.

A Nijeriya ba a sami ƙashi mai shekarun Tumai ba. Ƙoƙon kan da Thurstan Shaw ya tono a Iwo Eleru kusa da Akure a 1965 shekarunsa wajen 13,000 ne. Amma ku duba yadda manyan kayan tarihinmu suka fito. Kan yumɓun nan na al'adar Nok da aka samu a Jama'a, mutum-mutumi aka yi da shi a gonar doya kafin a kai wa Bernard Fagg a 1943, shi kuwa a lokacin ma'aikacin mulki ne. Kwalekwalen Dufuna, mai shekara wajen 8,000, wani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, cikin Jihar Yobe ta yanzu, labari ya bi ta hannun hukuma har ya kai ga masana. Ashe mai haƙa rijiya, da mai aikin hanya, da ma'aikacin ƙaramar hukuma su ne farkon masu gani.

Saboda haka ina roƙon ma'aikata, in aka kawo muku labarin wani baƙon ƙashi mai nauyin dutse, ko tukwane, ko gatarin dutse, ku hana a ci gaba da haƙa, ku bar abin a mazauninsa, ku rubuta wurin da zurfinsa, ku ɗauki hoto, sa'an nan ku sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko sashen jami'a mafi kusa. Kun dai ji yadda zaman ƙoƙon Tumai a saman rairayi ya jawo musu kan shekarunsa. Ƙashin da aka raba da ƙasarsa ya rasa rabin shaidarsa.

Ku kuma ɗalibai, fannin nan yana bukatar masanin ƙasa da duwatsu, da masanin sassan jiki, da masanin sinadarai, da mai haƙurin tafiya cikin rana yana kallon ƙasa. Kamoya Kimeu na Kenya shi ya gano kwarangwal ɗin yaron Turkana a 1984. Yohannes Haile-Selassie na Habasha shi ya bayyana wa duniya Ardipithecus kadabba a 2001. Ahounta na Cadi shi ya ɗaga Tumai daga rairayi. In ba mu horar da namu ba, wasu ne za su riƙa tono mana, su auna, su rubuta, mu kuwa mu karanta a harshensu.